Idan An Kira Ki Makon Jarrabawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Uwani, ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da sauka. Allah Ya sa motar da ta ɗauke ki daga tashar Krofrom a nan Kumasi ta ajiye ki lafiya. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙauyen da aka tura ki aiki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri. Amin.

Na cusa wannan takarda cikin wani ƙunshi a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa, don na san ba za ki kai hannu can ba sai kin isa arewa kin fara jera kaya. Da gangan na yi. In na ce zan faɗa miki baki da baki, ke za ki fara kuka, ni in taya ki, maganar ta mutu a nan.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika baro shi. Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da na ji daga bakinki. Ranar Talata kina wanki a tsakar gida, waya a kunne, kina ba ƙawarki labarin digirin jinya da kika shiga, wannan da ake yi daga gida a kan waya da kwamfuta. Sai na ji kin ce, "Ai ba komai, in jikin Mma ya tashi sai in ɗage zangon karatun, makaranta tana yarda." Ni kike nufi, kuma ina kwance a ɗaki ina jin ki. Na san wannan magana, Uwani. Shekara huɗu ina faɗin ta, kuma ita ta cinye ni.

Kin san ni ma na taɓa shiga irin wannan karatu, lokacin kina firamare. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ya ƙare. Na gaya wa mutane makaranta ce ta ɓatar mini da takardu. Ƙarya na yi. Babu wanda ya yi mini komai, ni na yi wa kaina. Yau zan faɗa miki yadda aka yi, ko da yake ban sani ba ko zai amfane ki, don ni ma an yi mini nasiha ban ji ba.

Shekarata goma sha biyu ke nan a aikin jinya lokacin, ina cikin koriyar rigar nan ta ƙananan nas da kika taso kina ganin ta a igiyar shanya. Yaran da na koya wa neman jijiya da hannuna sai su tafi su dawo da digiri da fararen riguna, in koma ina ce musu Madam. Abin ya ci mini rai, shi ya sa na nema. Karatun na shekara biyu ne, in mutum ya yi jinkiri a ƙara masa biyu, daga nan a rufe masa ƙofa. A zamaninmu littattafai ake ba mu mu tafi gida da su, duk bayan mako biyu mu je aji Asabar da Lahadi. Ranar da takardar shiga ta zo, marigayi babanki ya rufe shagonsa na ɗinki, ya tafi kasuwar Adum ya sayo farin yadi. Ya auna ni, ya ɗinka rigar da hannunsa, ya rataye ta a ƙusa gefen gado. Na ce, "Malam, ko aji ban shiga ba fa." Ya ce, "Ki dinga ganin ta, Rabi, za ta dinga tashin ki."

Girman kai ne ya fara kayar da ni. An ce mai aiki ya ɗauki darasi huɗu a zango, wanda ya ga zai iya ya ɗauki shida. Akosua, abokiyar aikina a ɗakin yara, ta ɗauki shida. Na ce da me Akosua ta fi ni? Ni ma na ɗauki shida. Ban tsaya na duba ba. Akosua ita kaɗai take a ɗakin haya, in ta rufe ƙofa babu mai ƙwanƙwasa mata. Ni kuwa ina tsakiyar unguwar Moshi Zango, gida mai iyali tara da famfo ɗaya, ga ku uku. Na jera littattafan nan shida a kan akwati ina kallon su ina jin daɗi, sai ka ce na gama karanta su. Takardar da aka rubuta ranakun miƙa aiki da ranakun jarrabawa kuwa, na ninke ta na tura cikin ɗaya daga cikinsu. Ban sake tunawa da ita ba sai ranar da Akosua ta tambaye ni ko na miƙa aikin farko. An rufe karɓa da kwana uku.

To ke kada ki auna kanki da kowa. Ki ɗauki abin da aikinki zai bari ki karanta, ko da za a riga ki gamawa. Ranar da suka saki jadawalin zango, ki nemi kalanda ta takarda ki kafa a bango inda idonki zai faɗa a kanta in kin sallame salla. Kada ki ce ai yana cikin waya. Waya tana mutuwa, wuta tana tafiya, kuma ban san irin netwok ɗin ƙauyen nan ba. Kowace ranar miƙa aiki ki jawo ta baya da kwana uku, ki ɗauka ita ce ta gaskiya. Ranar jarrabawa ki zagaye ta da ja, ki ƙirgo makonni baya, ki raba musu babi-babi, ki bar mako guda babu komai a kansa. Zazzaɓi zai zo ya ci wannan makon, ko wata haihuwa mai wuya a asibitinku. Da ni na yi wannan ɗan aikin na rabin awa, da ba wannan takarda nake rubuta miki ba.

Sai kuma kunya marar amfani. Ban gaya wa shugabarmu a asibiti ina karatu ba, wai kada a ce ina neman hawa kan mutane. Sai da jarrabawa ta rage kwana biyar na je mata da jadawalin. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Sista Rabi, an riga an kafa rostar aiki, ina kike tun farkon wata?" Tana da gaskiya. Na nemi wadda za mu yi musanya, kowa da uzurinta. Daga aikin dare na shiga motar haya, torotoro, na tafi ɗakin jarrabawa, ko wanka ban yi ba, na zauna wa takardar ilimin magunguna idanuna suna rufewa. Na faɗi. Ni da duk unguwa take kawo wa kwalin magani in karanta musu. Wannan darasi ya zama abin da 'yan makaranta suke kira tirel, wato darasin da mutum ya faɗi, yana jan sa a baya har ranar da zai sake zama ya ci.

Ku a can ba za ku wuce mutum biyu ko uku ba a asibitin. Tun makon farko ki kai wa wadda take sama da ke ranakunki a rubuce, ki riƙe kwafi. Kin ce a Tamale za ku dinga zama jarrabawa. Ki je kwana ɗaya kafin ranar, ki ga ɗakin da idonki, ki kwana kusa. Kada ki yarda da motar safe daga ƙauye.

Amma duk waɗannan da sauƙi, ana tashi daga irinsu. Abin da ya gama da ni ƙofar ɗakina ce.

Kin san sunana a Zango. Babu mai ce mini Rabi sai babanki, kowa Anti Nas. Lokacin da nake da shi na karatu shi ne bayan sallar asuba kafin ku tashi. Ina buɗe littafi sai in ji sallama. "Anti Nas, ɗan auna mini jini, kaina ke sarawa." Kafin in naɗe abin awo wata ta shigo. "Anti Nas, wannan ƙwayar kafin abinci ne ko bayan abinci?" Babanki ya sha ce mini, "Rabi, ki rufe ƙofar nan awa biyu, babu wanda zai mutu." Ni kuma in ce, "Ka san mutanenmu, za su ce don na shiga babbar makaranta nake ɗaga kai." Gaskiyar magana, ina jin daɗin sunan. Ina son a ce babu kamar Anti Nas.

Ga kuma Asabar da Lahadi, ranakun aji. A Zango yaushe ake suna, yaushe ake biki, yaushe ake addu'ar mamaci, in ba waɗannan ranaku ba? Ƙungiyar mata ta fitar da yayi, kowa ta ɗinka atamfa iri ɗaya, wadda ba ta zo ba gurbinta a fili yake. Goggonki Ladidi, yayar babanki, ba ta mantuwa da irin wannan. Bayan shekara biyar sai ta ce wance ba ta zo sunan jikata ba. Kuma kin san abin da ake nufi: ranar naki babu mai zuwa. Haka na dinga zama ƙarƙashin kanofi ina tafi, takardun da Akosua ta kwafo mini suna cikin jaka ban buɗe ba. Zama na biyu na ilimin magunguna ya faɗo ranar bikin 'yar Ladidi. Na je ofis na cika takardar ɗagewa. Shafi ɗaya ce, minti biyar, babu wanda ya yi mini faɗa. Sauƙinta ne ya yaudare ni. Na sake cika ta, na kuma sake, kowane karo ina cewa ai makaranta tana yarda. Akosua ta gama, ta gayyace ni bikin yaye su. Na ce mata kaina ke ciwo.

Ki sa wa ƙofarki lokaci tun ranar farko, Uwani, kafin mutanen ƙauyen su saba da ke. Wanda ba shi da lafiya ya same ki a asibiti. Za su yi gunaguni mako biyu su haƙura. In kika bari suka saba, ranar da kika rufe kin zama maƙiyiya. Takardar ɗagewar nan kuma, ki ɗauke ta kamar babu ita a duniya.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba.

A shekara ta huɗu na cinye komai sai wannan darasi ɗaya. Zama ɗaya ya rage mini, na ƙarshe. Wannan karon na yi karatu, Allah shaida ne. Wata uku na rufe ƙofa, na ɓata da mutane, babanki yana tsayawa a waje yana cewa ba ta nan. Na san littafin nan ciki da waje. Ranar Asabar ce, ƙarfe tara za a shiga. Na shirya tun bakwai, na sa katin makaranta da biro biyu a jaka. Ina fitowa tsakar gida na ji salati daga ɗakin Mma Hajara, tsohuwar nan mai koko da ta dinga goyon ki in na tafi aiki. Ta cika bayan asuba.

Na shiga na yi mata addu'a, na fito zan wuce. Ladidi ta riƙe wuyan hannuna. Ta ce, "Ina za ki da jaka?" Na ce, "Yaya, jarrabawa ce, ta ƙarshe. Zan dawo kafin azahar." Ta ce, "Jarrabawa. Matar da ta goya miki 'ya'ya tana kwance ko wanka ba a yi mata ba. To je ki. In an tambaya sai mu ce Anti Nas ta tafi jarrabawa." Ko murya ba ta ɗaga ba. Mata sun cika tsakar gida, duk suna kallona. Babanki yana tsaye a bakin zaure, ya yi mini alama da kai in tafi. Na gan shi sarai. Na juya na mayar da jakar ɗaki.

A gidan akwai mata huɗu da suka fi ni iya wankan gawa. Ni abin da na yi ranar shi ne ɗebo ruwa da miƙa buta. Kafin ƙarfe sha ɗaya maza sun fita da ita. Na zauna a tabarma cikin mata, na duba agogo, na san a daidai lokacin ana cewa saura rabin awa.

Ranar Litinin na je makarantar. Wani matashi a ofis ya duba sunana, ya yi mini bayani da Turanci. Da ya ga ina kallon sa kawai, sai ya maimaita da Tuwi, yaren garin, a hankali, ya ce shekaruna sun cika. Na roƙe shi, ni da a shekaru na haife shi. Ya ce, "Maame, ba ni ba ne, doka ce." Bai yi mini wulaƙanci ba, har kujera ya ba ni.

Daga baya na ji malam yana karantarwa cewa wankan mamaci in wasu sun yi ya sauka daga kan saura. Na san haka tun kafin ya faɗa. Ba don Allah na tsaya ranar nan ba, tsoron bakin mutane ne ya tsayar da ni. Shi ya sa ko ladan ba na sa rai da shi. Ranar addu'ar arba'in, 'yar Mma Hajara ta zo tana yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ce, "Anti Nas, ranar rasuwar ina kika shiga ne? Duk ban gan ki ba." Na ce, "Ina nan." Ta ce, "Ayya, mutane ne sun yi yawa."

Babanki bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. Wata rana dai na dawo aiki na tarar ya sauke rigar daga ƙusa, ya ninke ta ya sa a akwati. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Cikin koriyar riga na yi ritaya, kuma har yau in na ga mace cikin fara a bakin titi sai na kau da kai.

To ki natsu ki karanta abin da ya rage, kada ki ajiye takardar.

Kin ga ƙafafuna suna kumbura, na ce miki tsayuwa ce. Ba tsayuwa ba ce, ƙoda ce. Ke ma nas ce, kin gane kin yi shiru, ni ma na gane kin gane. Na karanta takardar gwajin da kaina kafin likita ya buɗe baki. Rai a hannun Allah yake, ba na yanke wa kaina rana. Amma ba na ganin zan kai ranar da za ki sa fara, kuma na daina yaudarar kaina a kan haka.

Na kwafi ranakun jarrabawarki daga takardar da kika bari a kan tebur, na zagaye su a kalandar ɗakina. Na kira yayanki na sa ya yi mini alkawari: a cikin waɗannan makonni, ko me ya same ni, ba zai kira ki ba. Amma a Zango waya ta yi yawa, wani zai kira, ko a sa hotona a zauren dangi na waya. Saboda haka makon jarrabawa ki kashe wayarki. In kuma labari ya riga ya iso ki, ki yi inna lillahi, ki yi alwala, ki je ki zauna a kujerarki.

Ki yi tunani da hankali irin na ma'aikaciya. Mu ba ma ajiye gawa. Kafin motarki ta kai Kintampo, rabin hanya, an sa ni a ƙasa. Za ki iso ki tarar ana naɗe tabarmi, ki miƙa wa baƙi ruwa, wata ma ta tambaye ki daga baya ina kika shiga. Addu'ar da za ki yi mini daga ɗakin jarrabawa za ta same ni daidai da wadda za ki yi a tsakar gida. Ki gama takardunki duka, ki zo addu'ar arba'in. Na yafe miki tun yanzu, duniya da lahira. Ba ma yafewa ba ce, umarni ne.

Za a yi magana, na sani. Za a ce Uwani ta zaɓi boko ta bar uwarta. In Ladidi ta fara, ki miƙa mata wannan takarda ta sa a karanta mata nan wurin. Yaya Ladidi, ni na hana ta zuwa. Na yafe miki riƙe hannuna da kika yi, amma kada ki riƙe nata.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na san ki. Tun kina ƙarama ba kya iya jin sallama ki zauna, halina kika ɗauko tsaf. Ina rubutun nan ina ganin ki a tashar Tamale da jaka a kafaɗa, ido jawur, kina cewa ai makaranta tana yarda. Wallahi ba ni da tabbacin takarda za ta tsayar da ke, tunda babanki da kansa a tsaye bai tsayar da ni ba. Abin da nake da shi ke nan, shi na ba ki.

Ƙunshin da kika ciro takardar nan daga ciki, ki warware shi. Rigar ce. Ta ɗan canza launi a wuya, in kika jiƙa ta za ta fita. Na rage ta a ƙugu don ba ki kai ni jiki ba, sauran ɗinkin na babanki ne ban taɓa ba. Kada ki mayar da ita akwati, ki nemi ƙusa. Biro biyun suna cikin aljihu. Sun bushe, ki sayi sababbi.

Allah Ya tsare ki a ɗakinki da wurin aikinki da kan hanya. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Allah Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya ba ki taurin zuciyar da ni bai ba ni ba. Ranar da za a kira lambarki a ɗakin jarrabawa, ko ina raye ko ba na raye, Allah Ya sa kina zaune a wurin ki amsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rabi
Moshi Zango, Kumasi